Ƙurajen leɓe da ciwon jijiya mai yawan dawowa

Mutane da dama sun san ƙurajen nan masu ruwa da kan feso a gefen leɓe bayan an sha fama da zazzaɓi. Galibi sukan bushe cikin kwana 7 zuwa 10, amma ƙwayar cutar da ke haddasa su, wadda likitoci ke kira HSV-1, ba ta barin jikin mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane kimanin biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 ne ke ɗauke da ita, akasarinsu tun suna yara.

Bayan kamuwar farko, ƙwayar kan bi jijiya ta je ta laɓe a wani ƙulli na babbar jijiyar fuska da ke cikin ƙoƙon kai. Zazzaɓi, irin na cizon sauro, ko zafin rana, ko gajiya da damuwa, ko jinin al'ada, na iya farkar da ita, sai ta sake biyo hanyar da ta bi tun farko.

Wannan tafiya ce ke jawo raɗaɗi, ƙaiƙayi ko tsikari, kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurjin ya bayyana. Wasu kuma ciwon kan bazu zuwa kunci ko muƙamuƙi a ɓangare guda na fuska, har su zaci haƙori ne.

Sai dai ba kowane ciwon jijiyar fuska ne ke da nasaba da ita ba. Mai fizga kamar lantarki yawanci jijiyar jini ce ke danne ta fuska, kuma maganinsa daban ne. Don haka sai likita ya tantance.

Har yanzu babu maganin da ke kawar da ƙwayar baki ɗaya. Acyclovir da valacyclovir na rage tsawon ciwon, musamman idan an fara sha da jin tsikarin farko, kuma likita kan ɗora mai yawan fama a kan shan su kullum. Magungunan kashe bakteriya da ake saye a kemis kuwa, asarar kuɗi ce kawai.

Likitoci na gargaɗin cewa duk wanda ciwon ya kai masa ido ya garzaya asibiti, domin yana iya lalata gani. Haka kuma mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri, saboda cutar na iya halaka sabuwar haihuwa.