Aji Biyu Na Malamin Ilmin Halittu

'Yan'uwa, malamin ilmin halittu aji biyu gare shi, na allo da na daji. Tun da aka gama madatsar Tiga a ƙasar Bebeji cikin 1974, kogi ya riƙa gudu rani da damina, har kacala ta toshe wa manoman Haɗeja hanyoyin ruwa. Irin wannan canji sannu yake tafe, baƙon kwana uku ba ya ganinsa. Mu da za mu daɗe muna koyarwa a Tudun Wada ko Doguwa, bakin dajin Falgore, sai mu riƙe littafi, mu rubuta ran da ɗorawa ta yi fure da ran da shamuwa ta sauka, yaranmu su zama idanunmu. Na bayanmu da shi za su gwada.