Wuta Ba Ta Cin Dalma

A garinmu Gumbin Kure, in aka yi shakkar nama ko kifi, cewa ake yi a ƙara masa wuta. Wannan maganin ƙwayoyin cuta ne. Dalma da zaiba kuwa, da ke taruwa a kifi da kayan teku, tafasa ba ta kashe su, banda ba ta korarsu.

Wani zai ce ina ruwanmu da kayan teku. To, busasshen jatan landen da ake awonsa a kasuwar Jega daga gaɓar kudu ake kawo shi. A lakar ƙasan ruwa yake kiwo, inda dattin masana'antu ke kwantawa. Kawa ta fi shi kwasa, don tace ruwa take yi dare da rana tana tara abin da ke ciki.

A Minamata ta Japan aka gane haka a 1956. Kamfanin Chisso ya daɗe yana zuba ruwa mai zaiba a teku. Kyanwoyi suka fara tangaɗi suna mutuwa, sai masunta suka bi, hannu ya mutu, harshe ya yi nauyi. Wata uwar lafiya lau, amma ta haifi jariri da taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Namu ya fi kusa. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega. Aƙalla 400 suka rasu. Ba kifi ya kashe su ba, ƙurar dutsen zinari ce mai dalma, wanda ake niƙawa a tsakar gida. Amma Gulbin Zamfara daga wannan ƙasar yake gangarowa ya ratsa Gummi ya iso Jega, kuma da zaiba masu haƙa ke kama zinari. In ta shiga laka, ƙananan halittu su juya ta zuwa nau'in da ke maƙalewa a tsoka. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi.

Ban ce a bar kifi ba, talaka ba shi da naman da ya fi shi. Sai dai da ni ce mai ciki, karfasa zan saya in bar tsage da giwan ruwa, masu cin 'yan'uwansu. Kuma ga jami'ar kimiyya a Aliero: ta riƙa auna kifin Jega da laka bayan kowace damina, a faɗi sakamakon da Hausa a rediyo.