Ƙarfen Buɗa Haƙoran Zarto: Kimiyya a Akwatin Kafinta

Idan ɗalibi ya ɗaga zarto ya dubi haƙoransa ta tsaye, zai ga ba a jere suke sak ba. Ɗaya ya karkata dama, na biye da shi ya karkata hagu, haka har ƙarshe. Da gangan ake yin wannan, kuma da wani ɗan ƙarfe na musamman ake yin aikin.

Dalilin kuwa shi ne gogayya. Da haƙoran a miƙe suke, da faɗin tsagar ya yi daidai da kaurin zarton, katako ya matse shi, ya ɗau zafi, ya cije. Karkatar da haƙoran kan sa tsagar ta fi jikin zarto faɗi, ya sami sararin kai da komo. Ɗanyen ice ya fi busasshe bukatar buɗi mai yawa. Amma rabin haƙori na sama kaɗai ake lanƙwasawa, domin in aka kama shi daga gindi yana iya karyewa. In kuma gefe guda ya fi karkata, zarto zai riƙa bauɗewa daga layi.

Ƙarfen iri biyu ne. Na farko falle ne mai tsage-tsage a gefe. Ana zura haƙori a tsagar a murɗa, ido da hannu su ne ma'auni. Na biyu mai kama da filaya ne, kamar samfurin Eclipse 77 na birnin Sheffield a Ingila. Shi yana da ɗan faifai mai lambobi da ake juyawa, don kowane haƙori ya karkata daidai da ɗan'uwansa.

Masassaƙanmu na gargajiya da gizago da gatari suka fi dogara. Aikin kafinta ya bunƙasa ne a zamanin Turawa. Layin dogo ya isa Kaura Namoda a 1929, jirgi yana kwasar gyaɗa yana kawo kayan kanti, waɗanda fatake kan wuce da su kasuwannin Shinkafi da Zurmi.

Yanzu da yawa daga zartunan kasuwa an ƙarfafa haƙoransu da wutar lantarki tun daga masana'anta. Magagari ba ya cin su, kuma in aka lanƙwasa su sai su ɓalle. Saboda haka in sun dakushe jefarwa ake yi, tsohon ƙarfen buɗi kuwa ya ƙare a buhun 'yan gwangwan.

Malaman fasaha na iya ceto abin da ya saura. A tura ɗalibai wurin dattawan kafintoci, su auna ƙarfen, su zana shi, su rubuta tambarin da ke jikinsa da sunan da mai shi ke kiransa. A goge tsatsa da kananzir a hankali, kada a kankare rubutun. Mafi muhimmanci, a roƙi dattijon ya buɗa zarto guda a gaban yara, domin hannunsa ya san abin da ba a rubuta a jikin ƙarfen ba.