Takardar da ta fi jirgi tsada

A zamanin fatake, ayari ba ya kutsawa ƙasar wani sarki haka kawai. Madugu yakan aika da gaisuwa tukuna, a biya kuɗin fito, sa'an nan a buɗe hanya. Wannan doka ita ce ke bisa jiragen sama har yau. Kowace ƙasa ita ke da ikon sararin da ke bisa kanta, kuma jirgin wata ƙasa ba ya sauka a filinta ya ɗauki kaya ko ya sauke sai da izini a rubuce. Mai kuɗi yana iya sayen jirgi, ya ɗauki matuƙa, ya gina sito. Amma izinin sauka gwamnatoci ne ke ƙulla shi tsakaninsu, kuma sau da yawa da awo suke ba da shi. Saboda haka manyan kampanonin dako na ƙasar Amurka suka yi shekaru suna kokawa da juna a kan ƴan sawu ƙalilan zuwa Japon da ƙasar Sin.

Abin da ake yi wa kokawar ba ƙarami ba ne. Idan aka auna nauyin kayan cinikin duniya, abin da ke bin jirgin sama bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma idan aka duba darajarsa ta kuɗi, ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku, don kuwa kaya ne masu tsada ko masu gaggawa: magunguna, kwamfuta da wayoyi, kayan gyaran injuna, takardu, furanni, ɗanyen kifi.

Dokar Shikago

Asalin maganar tana komawa ga shekara ta 1944. Yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba tukuna, sai wakilan ƙasashe suka taru a birnin Shikago don su tsara yadda jiragen farar hula za su yi zirga-zirga bayan yaƙi. Amurka, wadda ke da jirage da masana'antu fiye da kowa, ta so a buɗe sama ga duk mai ƙarfi. Ingila ta ƙi, don ta san kampanoninta ba za su iya karawa da na Amurka ba. Ran 7 ga watan Disamba na shekarar, ƙasashe 52 suka sa hannu a kan yarjejeniya. Ayarta ta farko ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko bisa sararin samaniyarta. Daga nan ne aka kafa hukumar jiragen sama ta duniya mai zama a birnin Monreyal na Kanada.

An kasa izinin tafiya kashi biyar. Na ɗaya, jirgi ya ratsa bisa ƙasa ba tare da ya sauka ba. Na biyu, ya sauka ya sha mai ko a yi masa gyara. Na uku, ya kawo kaya daga ƙasarsa ya sauke. Na huɗu, ya ɗauki kaya ya koma da su gida. Na biyar, ya ɗauki kaya daga ƙasar da ya sauka ya kai wata ƙasa ta uku. Ƙasashe da dama sun yarda da na ɗaya da na biyu a dunƙule. Sauran ukun, da yake nan kuɗi yake, an bar wa kowace ƙasa ta daidaita da ƴar uwarta. A shekara ta 1946 Amurka da Ingila suka ƙulla tasu a tsibirin Bamuda, ita ce ta zama abin koyi ga sauran. A irin wannan takarda akan rubuta garuruwan da za a sauka, da adadin kampanonin da kowane ɓangare zai naɗa, wani lokaci har da adadin sawu a sati.

Ga mai dakon kaya, izini na biyar shi ne jigo. Dalili kuwa a fili yake: fasinja idan ya tafi yakan komo, amma kwalin kaya ba ya komowa. Jirgi yakan taso daga Asiya maƙil, ya koma can da rabin ciki wayam. Mai jirgi ba zai ci riba ba sai ya sami damar zagaya garuruwa da yawa yana ɗauka yana saukewa, ko kuwa ya kafa zango guda inda jiragensa ke haɗuwa da dare, a rarraba kaya, kowane ya kama hanyarsa kafin gari ya waye.

A sayi kampani don takardarsa

Kampanin Federal Express, wanda yanzu ake kira FedEx, wani mutum mai suna Frederick Smith ne ya kafa shi. Ya fara aiki a birnin Memfis a watan Afrilu na 1973 da ƙananan jirage 14 ƙirar Faransa, kuma a daren farko ƙunshi 186 kaɗai ya ɗauka. Cikin ƴan shekaru ya mamaye Amurka. Amma da ya juya wajen Asiya sai ya tarar da ƙofa a kulle. Yarjejeniyar Amurka da Japon ta 1952 ta ba waɗansu tsofaffin kampanoni izini mai faɗi, har da na wucewa daga Tokyo zuwa sauran ƙasashen Asiya. Sababbin zuwa kuwa sai abin da aka sammusu.

Cikin masu tsohon izinin akwai wani kampanin dako mai suna Flying Tigers. A shekara ta 1989 FedEx ya saye shi ɗungurungum a kan dalar Amurka wajen miliyon 880. Jirage da ma'aikata duk sun shigo cikin cinikin, amma abin da ya fi jan hankalin mai saye shi ne izinin sauka a ƙasashe 21, da na Japon a gaba.

Japonawa sun daɗe suna ƙorafi cewa an ƙulla yarjejeniyar 1952 lokacin da ƙasarsu ba ta murmure daga yaƙi ba, shi ya sa ta karkata wajen Amurka. A shekara ta 1995, da FedEx ya nemi ya haɗa Japon da sabon zangonsa na Subik a ƙasar Filipin, hukumomin Tokyo suka ja ƙafa. Amurka ta yi barazanar takura wa jiragen dako na Japon. Daga baya aka sasanta, FedEx ya sami hanyoyinsa, Japon ita ma ta sami ƙarin izini zuwa Shikago.

Ƙofar ƙasar Sin

Ita ƙasar Sin ta ƙulla yarjejeniyarta ta farko da Amurka a shekara ta 1980, kuma ta riƙe ƙofar da hannu biyu. Kampanin dako zalla guda ɗaya tak aka yarda Amurka ta naɗa, izinin kuwa ya faɗa hannun wani kampani mai suna Evergreen. FedEx ya sake bin tsohuwar dabararsa: a 1995 ya sayi izinin daga Evergreen, a 1996 jiragensa suka fara sauka a ƙasar Sin. Babban kishiyarsa, kampanin UPS, ba shi da ikon kai jirginsa can. Dole ya biya waɗansu su ɗaukar masa kaya, ko ya bi ta Honkon. A sana'ar da kwana ɗaya ke raba mai riba da mai asara, wannan babbar naƙasa ce.

A watan Afrilu na 1999 ƙasashen biyu suka sabunta yarjejeniya. An yarda a ninka sawun da kowane ɓangare ke yi a sati daga 27 zuwa 54, mataki mataki, kuma a ƙara kampani guda bisa ukun da ake da su, wato United, Northwest da FedEx. Mataki na ƙarshe, na watan Afrilu 2001, ya ƙunshi sawu 10 da kujerar sabon kampanin. Kujera ɗaya, masu nema huɗu: UPS da Polar a ɓangaren kaya, American da Delta a ɓangaren fasinja.

A Amurka ba a yin gwanjon irin wannan izini. Ma'aikatar sufuri ce ke buɗe zama kamar na shari'a. Kowane mai nema yakan kawo takardunsa, ya faɗi garin da zai tashi, da irin jirgin da zai sa, da ranar da zai fara, da amfanin da jama'a za su samu. Abokan hamayya suna da ikon karantawa su kawo suka. Ma'aikata takan fitar da hukunci na wucin gadi, ta saurari ƙorafi, sa'an nan ta yanke na ƙarshe. Wanda ya samu kuma bai yi aiki da sawunsa ba har kwana 90, ana iya karɓe su a ba wani.

Kowane ɓangare ya tara magoya baya. Gwamnonin jihohi, da ƴan majalisa, da masu masana'antu, da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta aika wasiƙu. Masu fasinja suka ce mutane ne ke ƙulla ciniki kafin kaya su biyo baya, kuma cikin jirgin fasinja ma akwai wurin kaya. UPS ya ce bai kamata a bar kampani ɗaya shi kaɗai da kasuwar saƙon gaggawa ta ƙasa mai mutum fiye da miliyon dubu ba. A watan Nuwamba na 2000 ma'aikatar ta zaɓi UPS, ta tabbatar a Janairu 2001. An ba shi sawu 6, United 2, Northwest 1, FedEx 1. Jiragen UPS suka fara sauka Pekin da Shangai a watan Afrilu, kuma a watan Disamba na wannan shekara ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, fataucinta ya bunƙasa. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Shi kampanin American sai da ya jira har 2006 kafin ya fara zuwa Shangai, Delta kuwa har 2008.

Ƙofa ta ƙara buɗewa

A watan Yuli na 2004 ministan sufuri na Amurka, Norman Mineta, ya sa hannu a Pekin a kan wata sabuwar yarjejeniya. An tsara sawu su tashi daga 54 zuwa 249 a sati cikin shekara shida, 111 daga cikin sababbin na jiragen dako ne zalla. Kampanoni kuma daga 4 zuwa 9 ga kowane ɓangare. An kuma yarda baƙon kampani ya kafa zangon rarraba kaya a cikin ƙasar Sin.

Kokawa ta sake tashi. Kujerar dako ta farko kampanoni huɗu suka nema: Polar, Gemini, Arrow da Evergreen, wanda ya sayar da nasa izini shekara tara kafin nan. Polar ya ci, aka ba shi sawu 9. FedEx da UPS kowa ya ƙara 12, Northwest 6. Darajar takardar ta fito fili a 2007, lokacin da kampanin DHL, mallakar gidan waya na Jamus, ya biya dalar Amurka miliyon 150 ya sayi kashi 49 cikin 100 na Polar don ya sami wuri a jiragensa masu ratsa teku zuwa Asiya. Dokar Amurka ba ta yarda baƙo ya riƙe fiye da kashi 25 na ƙuri'a a kampanin jirgin sama ba, don haka a nan ƙuri'arsa ta tsaya. Su ukun da suka rasa kuwa, matsaloli iri iri sun taru musu, babu wanda ya yi nisan kwana: Gemini ya rufe a 2008, Arrow a 2010, Evergreen a 2013.

A 2007 aka amince a cire iyakar sawun jiragen dako daga 2011. UPS ya buɗe zangonsa a Shangai a 2008, FedEx ya kwashe nasa daga Subik ya mai da shi Kanton a 2009. Amma ƙarancin bai gushe ba, wuri ya sake. A manyan filaye masu cunkoso, sa'ar sauka da ta tashi ita ma rabawa ake yi, kuma mai izinin da ba shi da sa'a mai kyau kamar mai guga ne ba igiya.

Abin lura shi ne yadda ƙasar Sin ta tafiyar da al'amarin. Shekara talatin ta yi tana buɗe ƙofa kaɗan kaɗan, kuma duk sawun da ta bayar ta karɓi kwatankwacinsa. Cikin wannan lokaci ta raini nata: China Cargo Airlines a 1998, SF Airlines a 2009, har a 2022 ta buɗe filin jirgi na musamman don kaya a garin Ezhou. Jinkirin ya sa masu aika kaya sun biya da tsada, amma lokacin da ƙofar ta buɗe sosai akwai ƴan gida masu iya tsayawa.

Izini dukiyar ƙasa ne

Ƙasashen Afirka ma sun taɓa gane darajar wannan takarda. A 1961, a birnin Yawunde, ƙasashe 11, har da Nijar, suka tara izininsu na zuwa waje wuri guda suka kafa Air Afrique, mai mazauni a Abijan. Kampanin ya yi shekara arba'in, bashi ya kayar da shi a 2002. A 1999 ministoci suka yanke shawara a Yamusukro cewa a sakar wa jiragen Afirka hanya a cikin Afirka, har da izini na biyar, kuma a Janairu 2018 aka ƙaddamar da kasuwar sama ta bai ɗaya a Adis Ababa.

Ga ma'aikacin da zai zauna teburin shawara da sunan ƙasarsa, labarin Tokyo da Pekin yana da darasi. Rufe ƙofa ruf yana hana ɗan kasuwa kai kayansa, ya sa magani da kayan gyara su yi tsada, balle a ƙasar da ba ta da bakin teku. Buɗe ta ba sharaɗi kuma kyauta ce da dukiyar jama'a. Kafin a sa hannu, wajibi ne a san sawu nawa ake bayarwa, zuwa wane gari, har tsawon wane lokaci, da abin da za a karɓa a madadinsu. Japon ta sa hannu a 1952, ta kuma yi fiye da shekara arba'in tana neman gyara.