Gagarawa Tasha: Wa Ke Biyan Kuɗin Jirgi, Wa Ke Cin Ribarsa?

A ƙaramar hukumar Gagarawa akwai Gagarawa Gari, akwai kuma Gagarawa Tasha. Yaran yanzu in suka ji "tasha" sai hankalinsu ya tafi ga motocin haya da 'yan kamasho, alhali tashar da ta ba wurin suna ta jirgin ƙasa ce. Dogon da ya taso daga Kano ya ratsa Ringim da Taura, ya bi ta Gagarawa, ya wuce Malam Madori da Birniwa, ya je ya tuƙe a Nguru a 1930. Ta nan ƙasar Gumel ta sami ƙofar da take fitar da kayanta zuwa bakin teku. Duk mai son ya san ko kuɗin da gwamnati ke zubawa a harkar jirgi na amfanar ƙasa mai tasowa irin tamu, to ga wurin da zai fara dubawa a ƙofar gida.

Gyaɗa ce ta jawo dogon. Lokacin da layin ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, auduga Turawa suka sa rai za ta cika taragu, don masaƙun Ingila na jiranta. Manoma suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi ci, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya ci a gida. Kafin zuwan jirgi babu mai hankalin da zai ɗora gyaɗa a jaki ko raƙumi ya nufi Legas, domin kuɗin dako kaɗai ya cinye uwar kuɗi da riba. Da dakon ya yi araha, abin da ake nomawa don ƙuli-ƙuli da man miya ya koma hajar duniya. Shi ya sa aka miƙa reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, aka miƙa namu zuwa Nguru. Malam Madori ta zama gari ne a kan wannan ciniki.

Wa ya biya? Gwamnatin mulkin mallaka ce ta gina, da bashi da kuɗin baitulmali, wato a ƙarshe da harajin talaka da jangalin Bafillace da kuɗin fito. Ba don ƙaunar mutanen Gumel aka yi ba, don kamfanonin Turai su sami kaya aka yi, wannan kam babu musu. Amma ko a wancan zamanin na tsananin ƙididdigar sule da sisi, hukuma ce ta ɗauki nauyin shimfiɗa ƙarfen.

Haka abin yake kusan ko'ina, saboda yanayin sana'ar. Kafin jirgi ya ɗauki buhu ɗaya sai an kashe dukiya mai yawa wajen biyan diyyar gonaki, da cike ƙasa, da gadoji, da ƙarfe, da tashoshi. In an gama wannan kuwa, ƙara tarago ɗaya a bayan kan jirgi ba ya cin wani abin kirki. Don haka layin da ke ɗaukar kaya da yawa yana araha ƙwarai, wanda ba shi da kaya kuma ya fi komai tsada, tunda da jirgi ɗaya a mako da jirage goma a rana duk sai an biya masu gyaran dogo da masu gadi da ruwan bashi.

Kalmar tallafi kuma tana ruɗa mutane, don abu uku ne ake kira da suna ɗaya. Akwai kuɗin gini, akwai kuɗin gyara da tafiyar da aiki, akwai kuma rage wa fasinja kuɗin tikiti. Na farko da na biyu su ne ke iya dawowa da riba. Na uku ya fi daɗin faɗi a rediyo, kuma shi na fi tantama a kansa.

Ribar jirgi ba kasafai take bayyana a littafin hukumar jirgi ba. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mai sayen riɗi ko zoɓo don fitarwa waje ya san farashin da zai samu a tashar ruwa ta Apapa. Daga ciki yake cire kuɗin tirela, da abin da direba zai ajiye a shingaye, da hasarar hanya, abin da ya rage shi yake taya manomi. Ashe kenan manomin Sule Tankarkar da bai taɓa taka Legas ba shi ke biyan man gas ɗin tirelar. A kara ma haka ne: sa ya kwana biyu ko uku a tsaye cikin mota, ya isa Kudu a rame, wani ya karye, wani a yanka shi a hanya a sayar a wulaƙance, kuma dillali ya riga ya saka duk wannan cikin tayinsa. Duk naira ɗaya da ta ragu a dako, wani kaso nata na komawa aljihun mai kaya, wani kaso ya sauƙaƙa wa mai saye. Wannan kuɗin ba zai shiga akwatin mai sayar da tikiti ba, amma ya shiga ƙasa.

Masana sun auna wannan. Wani masanin tattalin arziki, Dave Donaldson, ya bi tsofaffin takardun Indiya na zamanin Turawa gunduma-gunduma, ya gano cewa inda dogo ya isa, abin da ake samu daga noma ya ƙaru da kimanin kashi 16 cikin 100. Mu kuwa ba ma buƙatar takarda, dalar gyaɗa ta Kano shaida ce, ko da yake ita ma dalar tana nuna wani abu da ake mantawa: buhunan sun taru ne don jirgi ya kasa kwashe su a kan kari.

Masu cewa a bar jirgi ya ci da kansa kamar yadda mota ke yi sun tsallake wani abu. Mota ma a kan tallafi take tafiya. Gwamnati ke gina kwalta, ita ke sake ginawa in ta farfashe, kuma manyan motoci ne ke farfasa ta. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa in nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi tana ninkawa kusan sau goma sha shida. Har zuwa 29 ga Mayu, 2023, fetur ɗin ma da tallafi ake shan sa.

To amma kada a ɗauka duk inda aka shimfiɗa dogo arziki zai biyo. Maƙwabtanmu na Nijar sun gani. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a Janairun 2016, amma layin bai haɗu da na Binin da zai kai shi tashar ruwa ta Kwatano ba, sai ya zauna yana tsatsa. Kenya ta ci bashin Sin na biliyoyin daloli ta gina layin Mombasa zuwa Nairobi, aka buɗe a 2017. Da kuɗin shiga suka kasa, sai aka tilasta wa masu kaya bin jirgi ko suna so ko ba sa so, har sai da Shugaba William Ruto ya janye dokar a 2022. Mu ma namu labarin bai fi nasu daɗi ba. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3 a 1964. Daga nan sai gangara: fari na 1973, cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, kuɗin fetur da ya karkata ga tituna, da rashin gyara. Tallafi bai tsaya ba a waɗannan shekaru, sai dai ga albashi da fansho ya riƙa tafiya, dogo kuwa yana ruɓewa.

Yanzu ga sabon layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil a kan dala biliyan 1.96, aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Bai biyo ta Gumel ba, bai san da Maigatari ba. Bashin kuwa da mu za a biya shi, don harajin da ke kan siminti da katin waya bai tambayi garinku ba. Akwai kuma abin tsoro: in ya fara aiki, wani kaso na kayan Damagaram da ke shigowa ta Maigatari na iya komawa ta Maraɗi. Ga yankin ciniki marar haraji da aka kafa a Maigatari tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda har yau bai kai inda aka yi masa fata ba. Sannan dogon da ya dogara da kan iyaka yana da wata cuta da kuɗi ba sa magani. An rufe iyaka a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe Maigatari, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Bashi ba ya tsayawa don an rufe boda.

A Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta ba da hawan jirgi kyauta na lokacin bukukuwa. An gode, amma wa ya hau? Mafi yawa masu zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna ko Legas da Ibadan ne, mutanen da da yawansu ke iya biya. A ganina kuɗin da aka kashe a nan, da an sa su a taragun shanu da na hatsi da gyaran gadoji, da sun fi isa ga mai garma.

Tun Maris na 2023 an gyara kundin tsarin mulki, jihohi ma yanzu suna da ikon shiga harkar dogo. Kafin wani ya zo mana da zanen sabon layi, akwai aikin da bai kai wannan tsada ba. A tsaya a ƙirga: tirela nawa ke tashi daga Maigatari kowace Alhamis, tan nawa na riɗi da zoɓo da ƙaro ke fita daga masarautar Gumel daga kaka zuwa bazara, kuma me jirgin zai ɗauko in zai dawo, taki ne ko siminti ko gishiri, don tarago da ya dawo wayam ya ninka kuɗin dako. Tsohon layin ƙaramin dogo ne, jiragen sabon layi ba za su hau shi ba, kuma ya sha lalacewa a wurare da dama. Duk da haka shi kaɗai ne ƙarfen da aka shimfiɗa daga ƙasar Gumel har bakin ruwa a Legas, kuma daga karar Maigatari zuwa Gagarawa Tasha bai fi tafiyar awa guda a mota ba.