Kwangilar gwamnati: abin da ɗan kwangila ke bin lebura bayan ya ci aikin

Duk wanda ya taɓa neman kwangilar gwamnati a Nijar ya san tarin takardun da ake buƙata kafin a saurare shi: rajistar kasuwanci, lambar NIF, shaidar biyan lanho, da shaidar asusun CNSS da ta ofishin sufeton ƙwadago. Wanda ya rasa ɗaya daga ciki yana iya rasa aikin tun ba a kai ga duba farashinsa ba. Shi ya sa in an fidda sanarwar gina aji ko gyaran hanya, za ka ga ƴan kwangila suna safa da marwa tsakanin ofisoshi a Yamai, Maraɗi ko Damagaram.

Sai dai takardar CNSS tana magana ne kan ma'aikatan da kamfani ya kai sunayensu. Kamfani na iya rajistar akawu da direba da mai gadi, ya biya musu, ya karɓi takardarsa tsaf. Ranar da aiki ya tashi kuwa, magina da masu kwaɓa siminti da masu ɗaurin ƙarfe ne za su cika wurin, kuma sau da yawa babu sunan ko ɗayansu a littafin kowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, me doka ta ɗora wa ɗan kwangila?

Dokar ƙwadago ta ƙasa, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗauki duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa a matsayin ma'aikaci. Leburan yini ma yana ciki. Mafi ƙarancin albashi tun daga Janairun 2024 shi ne jika 42 a wata, bayan ya daɗe a kan jika 30 da ƴan kai. Lokacin aiki awa 40 ne a mako, abin da ya haura haka ana biyansa da ƙari. Ma'aikaci yana tara hutun kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, mace mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14, kuma an hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba.

Sai batun asusun CNSS, inda nauyin ya fi yawa. Mai kamfani yana zuba kashi 16.4 cikin ɗari na albashi, ana cire kashi 5.25 daga hannun ma'aikaci. Wato a kan albashin jika 100, kamfani zai ƙara jika 16 da ɗari huɗu daga aljihunsa. Da wannan kuɗi ake biyan fansho, da alawus na iyali, da magani da diyya in an yi haɗari a wurin aiki. In haɗarin ya auku, wajibi ne mai kamfani ya kai rahoto cikin awa 48. Maginin da ya faɗo daga bene alhali ba a yi masa rajista ba, yawanci abin da yake samu bai wuce kuɗin asibiti na kwana biyu da "Allah ya sawwaƙe" ba.

Wata hanyar da ake bi a kauce wa nauyi ita ce a miƙa aikin ga ƙaramin ɗan kwangila, shi ya nemo leburorinsa, shi ya biya su. In kuɗi suka maƙale, babban ya ce bai san su ba, ƙaramin ya kashe waya. Amma dokar ƙwadago ta yi tanadi a kan wannan: in aikin a wurin babban ɗan kwangila ake yin sa, ƙaramin kuma ya kasa biya, ma'aikata na da damar bin babban haƙƙinsu. Leburori da yawa ba su san da haka ba, shi ya sa suke haƙura su watse.

Akwai dalilin da ya sa ake tsananta wa mai aikin gwamnati fiye da mai gina gidan kansa. A gasar neman kwangila, farashi yana da nauyi ƙwarai. Kuɗin siminti da ƙarfe kusan ɗaya ne ga kowa, saboda haka wurin da ya fi sauƙin ragewa shi ne gumin lebura. Kamfanin da ya sa albashi cikakke da kuɗin CNSS da hular kwano da takalman aiki a lissafinsa, dole farashinsa ya ɗara na wanda bai sa ba. In ba a sa ido ba, mai gaskiya ne zai riƙa faɗuwa, kuma kuɗin talakawa su koma ladan mai tauye haƙƙi. Wannan matsala ce ta sa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fito da yarjejeniya mai lamba 94 tun a 1949, wadda ta ce albashin mai aikin kwangilar gwamnati kada ya gaza abin da ake biya a irin wannan aiki a yankin. Bankin Duniya ma, tun daga Oktoban 2018, yana sharɗanta wa sababbin ayyukan da yake ba kuɗi cewa a bayyana wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, a kuma buɗe masa hanyar kai ƙara.

Su ma ƴan kwangila suna da nasu kukan, kuma ba ƙarya ba ne. Sukan gama aiki su jira watanni kafin baitulmali ya biya, alhali banki na lissafa musu ruwa. Amma doka ba ta jingina albashi da ranar da gwamnati za ta biya ba, kuma leburan da ke jiran kuɗin cefanen yau shi ne mafi ƙarancin ƙarfin ɗaukar wannan jira.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Ma'aikatar da ta ba da kwangila tana iya neman jerin sunayen masu aiki da shaidar biyan CNSS a duk lokacin da za ta biya wani kaso, maimakon ranar buɗe ambulan kaɗai. Injiniyan da ke zuwa auna kaurin kankare yana iya ƙirga mutanen da ya tarar, ya gwada da takarda. Hukumar ARCOP, mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, tana da ikon dakatar da kamfanin da ya gabatar da bayanan ƙarya.

Kai kuma ma'aikaci, ka nemi lambarka ta CNSS, ka adana duk takardar biya da aka ba ka, ka riƙa rubuta ranakun da ka yi aiki. In rigima ta taso, ofishin sufeton ƙwadago na jiharka ne wurin farko, kuma can ake fara neman sulhu kafin magana ta kai kotun ƙwadago.