Gidan Hayar Da Kujerar Marar Lafiya Za Ta Shiga

Ranar da likita ya sallami marar lafiya, 'yan uwa kan yi hamdala, a naɗe tabarmi a kwashe kwanuka. Amma idan wanda aka sallama ya fito ne a kan kujerar guragu, ko don shanyewar ɓarin jiki, ko haɗarin mota ya taɓa masa laka, ko ciwon suga ya kai ga yanke ƙafa, to a ranar wata jinyar ke farawa. Gidan da ya shekara goma yana shiga da ƙafarsa sai a tarar ba ya shiguwa.

Haka ta faru da wani abokinmu, malamin makaranta a Kano, wanda hawan jini ya kayar, ciwon ƙoda ya biyo baya. A saman bene yake haya. Sau biyu a mako ake kai shi wankin ƙoda, kuma kowace fita sai an nemo samarin unguwa sun ciccibo shi da kujerar, wannan ya riƙe taya, wancan ya riƙe mariƙi, shi kuwa ya runtse ido. Abin da ya fi ci masa rai, in ji maiɗakinsa, shi ne roƙon da ake yi kafin a samu masu ɗaukar. Muka shiga neman gida a ƙasa kusa da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni da Unguwa Uku.

Dillali bai san wani abu wai shi gidan da kujera ke shiga ba. Abin da ya sani ɗaki nawa, akwai rijiya ko burtsatse, nawa ne kuɗin shekara, nawa ne la'adarsa. In ka yi masa bayani sai ya ce, "Malam, ai an gama, akwai wani a ƙasa, ba bene ba ne." Ku je ku tarar da matakala uku a ƙofar gida, ga kwata a buɗe a gabansu. In ka nuna masa sai ya ce, "Haba Malam, ɗan wannan tudun? A ɗaga shi mana."

Ɗan tudun nan yana da lissafi. Ƙa'idar da masana gini suka fi amfani da ita a duniya ita ce, duk santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na gangara, in ana so mai kujera ya hau ba tare da ya kife ba, mai tura shi kuma bai sha wuya ba. Matakala uku masu santimita 15 kowace sun tashi santimita 45, wato gangarar da za ta maye gurbinsu sai ta kai mita 5.4. Lunguna da yawa a cikin birni faɗinsu bai kai haka ba, balle a ce maƙwabta su yarda ka tare musu hanya da siminti. Shi ya sa ake ganin gangarori masu tsinin gaske a ƙofar wasu gidaje. Don shigar da babur aka yi su, kuma kujera in ta hau baya take yi.

Su ma masu gidajen ba mugunta ce ta sa suke ɗaga dokin ƙofa ba. Ruwan Agusta ne. Inda magudanar ruwa ta toshe, kowa ɗaga gidansa yake yi sama da na maƙwabcinsa, kuma duk lokacin da aka sake zuba wa titi ƙasa, sabon gini sai ya ƙara tashi.

In an tsallake ƙofar waje, ga soro. Tsarinmu na gargajiya ya sa ƙofar ciki ba ta fuskantar ta waje, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Wannan kwanar ta mutunci ce, amma kujera tana buƙatar fili mai kusan santimita 150 kafin ta juya sosai. Ita kanta kujerar faɗinta kan kai santimita 60 zuwa 70, don haka ƙofa tana son buɗin santimita 80 aƙalla, 90 ya fi, saboda hannun mai tuƙawa. Ƙofar falo takan kai. Ta banɗaki ce ke kayar da gida, domin nan magina suka fi matsewa. In kuma an shiga, sau da yawa masai na tsuguno ne, ƙasa tayil mai santsi, bango babu abin kamawa. A banɗaki masu jinya kan yi ciwon baya, marasa lafiya kuma kan faɗi.

Gidaje masu lif kaɗan ne, masu tsada ne, kuma in aka ɗauke wuta babu janareto, mai kujera ya zama fursuna a hawa na uku.

Sai maganar mai gida. Wani da ya ji an ce marar lafiya ne sai ya fara noƙewa, yana tunanin wa zai biya kuɗin baɗi. Wani ya yarda, amma ya ce kada a taɓa masa bango. A nan ne dabara ke aiki. Mai walda zai iya ƙera gangarar ƙarfe da ake ajiyewa a ɗauke, in tudun bai yi yawa ba. Cire ƙyauren banɗaki a rataya labule yana ƙara 'yan santimitoci da ake nema. Kujerar bahaya, wadda ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, tana zama a kan masai na tsuguno. Duk abin da ya kai ga fasa gini kuwa, a rubuta shi a takarda gaban shaidu kafin a biya ko sisi: me za a canza, wa zai biya, za a mayar da shi yadda yake ranar tashi ko za a bar wa mai gida. Alkawarin baka a kan gida ya sha raba zumunci. Abokin namu a ƙarshe ciki da falo ya samu, ya baro ɗaki uku, kuma kuɗin bai ragu ba.

Doka fa? Akwai ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ba gine-ginen da jama'a ke amfani da su shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da lamarin. Legas ta riga da tata dokar tun 2011, Kano ma tana da tata. Sai dai ƙa'idojin ginin sun fi karkata ga ofisoshi da asibitoci da makarantu. Gidan haya na ɗan kasuwa, inda marar lafiya zai kwana ya tashi, kusan an bar shi ga tausayin mai shi. Ko gine-ginen gwamnatin ma, duk wanda ya zagaya sakatariyoyi ya san da yawansu har yau matakala ce ke tarbar mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya cikin shida, na rayuwa da wata babbar nakasa. Da yawansu ba da ita aka haife su ba. A ganina hukumomin tsara birane irin KNUPDA na iya sa sharaɗi mai sauƙi: duk wanda zai gina gidajen haya masu yawa, ɓangaren ƙasa ya zama kujera na shiga. A lokacin aza harsashi wannan ba ya cin wani kuɗin kirki. Bayan an gama gini ne yake zama fasa bango da sake famfo.

Kafin hukuma ta motsa, mai neman gida ga marar lafiya ya auna kujerar tun daga gida, ya sa tef ɗin awo a aljihu, kuma ya fara duba banɗaki kafin falo. Kai kuma da ke gini yanzu, ka gaya wa maginin naka ya buɗa ƙofar banɗaki ta kai santimita 90, ya bar aƙalla ƙofa ɗaya ba matakala.